BBC Radio 3 ko Classic FM: Wace Tasha Ce Ta Cancanci Safiyarka?

A Birtaniya, wanda yake son ya buɗe safiyarsa da kiɗan kilasik, irin na su Bach da Mozart da Beethoven, manyan tashoshi biyu ne a gabansa. Akwai BBC Radio 3, wadda ake kamawa tsakanin mita 90 da 93 a zangon FM, akwai kuma Classic FM a tsakanin 100 da 102. Dukansu da ƙarfe 6:30 suke buɗe babban shirinsu na safe a ranakun aiki, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan kowacce ta sauya mai gabatar da shi. A Janairun 2024 Dan Walker ya karɓi na Classic FM daga hannun Tim Lihoreau. A Afrilun 2025 kuma Petroc Trelawny, wanda ya riƙe na Radio 3 tun 2011, ya koma shirin yamma mai suna In Tune, aka miƙa safiyar ga Tom McKinney. Tun daga nan masu sauraro ke ta ja-in-ja: wane ya cika surutu, wane bai san kiɗan ba, wane muryarsa ba ta dace da asuba ba. Na daɗe ina bin tashoshin biyu, kuma a ganina yawancin wannan gardamar ba inda ya kamata take sauka ba. Mai gabatarwa yana da muhimmanci, amma abin da aka ɗora shi a kai ya fi shi ƙarfi, kuma shi ya kamata sabon mai sauraro ya fara dubawa.

Mu fara da inda kuɗi ke fitowa, domin shi ne ke yanke kusan komai. Radio 3 ta BBC ce, ana ɗaukar nauyinta daga kuɗin lasisin talabijin da gidaje ke biya, wanda ya kai fam 174.50 a shekara a Afrilun 2025. Sauraron rediyo shi kaɗai ba ya buƙatar lasisi, tun 1971 aka soke wannan. Saboda haka babu talla ko ɗaya a Radio 3. Classic FM kuwa ta kamfanin Global ce, da talla take ci, kuma mai talla yawan kunnuwa yake saye. Alƙaluman hukumar RAJAR, wadda ke ƙidayar masu sauraron rediyo duk wata uku, sun daɗe suna nuna Classic FM da mutum sama da miliyan 4 a mako, Radio 3 kuma tana kai-komo a kusa da miliyan 2. Tashar da ke rayuwa da yawan jama'a ba za ta yi gangancin sa maka wani baƙon kiɗa mai wuyar haɗiya da ƙarfe bakwai na safe ba, don ta san hannunka na kusa da maɓallin sauya tasha. Tashar da ba ta jiran mai talla tana da sararin yin wannan gangancin, kuma yarjejeniyarta da jama'a ma ta wajabta mata ta yi.

Daga nan ne bambancin kiɗan ya samo asali. Safiyar Classic FM an gina ta ne a kan abin da kunne ya riga ya sani. Tun 1996 tashar ke gudanar da zaɓen da take kira Hall of Fame, inda masu sauraro ke jefa ƙuri'a a fitar da kaɗe-kaɗe 300 da aka fi so, a kunna su a hutun Ista. Kiɗan Vaughan Williams na tashin tsuntsu, The Lark Ascending, da kwancaton fiyano na biyu na Rachmaninov (kiɗan da fiyano ke jagoranta tare da ƙungiyar makaɗa) sun sha zuwa na ɗaya. Wannan jerin shi ne ƙashin bayan abin da za ka ji duk shekara, haɗe da kaɗe-kaɗen finafinai irin na John Williams da na masu tsara kiɗa na zamani masu sauƙin shiga kunne kamar Ludovico Einaudi da Karl Jenkins. Tamkar teburin mai shayin da ka saba ne, wanda kafin ka zauna ya riga ya fara haɗa maka irin naka. Masu son tashar wannan suke yaba mata. Masu ƙorafi kuma a kan wannan ɗin dai suke ƙorafi, suna cewa wanda ya yi wata biyu yana sauraro zai fara gane abin da ke tafe tun daga sautin farko. Ƙorafin gaskiya ne, amma ban ɗauke shi aibi ga kowa da kowa ba. Wanda bai taɓa zama ya ji wannan kiɗa ba, maimaici ne zai koya masa. Sai ka ji abu sau biyar sau shida kafin ka fara bambance hannun Mozart da na Haydn, kuma Classic FM za ta ba ka wannan maimaicin ba tare da ka nema ba.

Safiyar Radio 3 ita ma tana sa sanannun kaɗe-kaɗe, fiye ma da yadda tsofaffin masu sauraronta ke so, amma fagenta ya fi faɗi nesa ba kusa ba. Cikin awa guda za ka iya jin waƙar coci ta ƙarni na 16 da muryoyi zalla, sai wani guntun kiɗan jita na Sifaniya, sai aikin wani matashi da yake raye yanzu, wani lokaci har da jaz ko kiɗan gargajiyar wata ƙasa. Akwai al'adar sa wani abu na Bach kafin ƙarfe bakwai, wadda masu sauraro da yawa ke daidaita agogonsu da ita. Tashar ta kuma yi ƙoƙari a 'yan shekarun nan wajen fito da matan da suka tsara kiɗa aka manta da su, irin su Florence Price, baƙar fata 'yar Amurka da ƙungiyar makaɗan Chicago ta kaɗa simfoninta, wato dogon kiɗa na babbar ƙungiyar makaɗa, a 1933. Wani abin da ba kowa ke lura da shi ba: BBC tana da ƙungiyoyin makaɗa nata na kanta, tana da mawaƙan BBC Singers, tana kuma da shirin rainon matasan makaɗa na New Generation Artists tun 1999. Don haka wani abin da za ka ji da safe ɗauka ce ta gidan, ba faifan da ake sayarwa a kasuwa ba. Wannan Classic FM ba ta da shi.

Sai dai kada a ruɗe ka da sunan Radio 3 ka zaci za ka ji cikakkun ayyuka da safe. Ba za ka ji ba. Simfoni guda yakan kasu kashi huɗu, ya ci minti talatin ko arba'in ko fiye, kuma a shirin safe na tashoshin biyu kashi ɗaya ake yankowa a ba ka, ko a zaɓi gajeren aiki mai 'yan mintoci. A nan ne tsohuwar gardamar masu sauraron Radio 3 take, kuma ta cancanci a tsaya a kanta, don wanda bai san tarihinta ba zai ɗauka tsabar son ƙorafi ne.

Tashar ta samo asali ne daga Third Programme da aka buɗe ranar 29 ga Satumban 1946, ta koma Radio 3 a 1967. An kafa ta a kan cewa mai sauraro zai zauna ya ba abin da ake kunnawa hankalinsa duka, kamar yadda zai yi a zauren kiɗa. Shekaru da dama ba ta da kishiya. Sai ranar 7 ga Satumban 1992 da ƙarfe shida na safe Classic FM ta buɗe da muryar Nick Bailey da kiɗan Handel na naɗin sarauta, Zadok the Priest, kuma ba a jima ba ta tara jama'ar da Radio 3 ba ta taɓa tarawa ba. Daga lokacin duk wani sauyi da Radio 3 ta yi wa safiyarta, wani ɓangare na masu sauraronta sai ya ce kwaikwayon kishiya ake yi. A 1995 aka ɗauko Paul Gambaccini, wanda ya yi suna a rediyon kiɗan zamani ya kuma yi aiki a Classic FM, aka ba shi shirin hantsi. Ƙorafi ya yi yawa, a shekarar da ta biyo ya bar shirin. A 2003 aka kafa ƙungiyar masu sauraro ta Friends of Radio 3, wadda ta yi shekaru tana sukar yadda ake rage nauyin shirye-shirye. A 2007, zamanin shugabancin Roger Wright, aka maye gurbin shirin safe na Morning on 3 da shirin Breakfast na yanzu. A 2011 aka shigo da kiran waya, inda mai sauraro zai bugo ya ba da labarin wani kiɗa da ya taɓa rayuwarsa, abin da ya ɓata wa tsofaffin masoya tashar rai matuƙa, daga baya aka janye shi. Da aka naɗa Sam Jackson shugaban tashar a 2023, mutumin da ya yi shekaru yana jagorantar Classic FM, masu wannan ra'ayi suka ce ga shi nan, abin da suke faɗa ya tabbata. A Afrilun 2024 aka ƙara wa Breakfast rabin awa, ya koma yana ƙarewa 9:30.

Ina jin zafin waɗannan mutane, kuma a abu ɗaya ina tare da su ɗari bisa ɗari: yawan karanta saƙonnin masu sauraro da yawan tallata wasu shirye-shiryen BBC a tsakanin kaɗe-kaɗe yana cinye lokacin da ya kamata a ba kiɗa ko a ba bayani mai amfani. Tashar da ba ta da talla bai kamata ta cika kunnen mutum da tallan kanta ba. Amma inda na rabu da su shi ne cewa wai tashoshin biyu sun zama ɗaya. Wanda ya faɗi haka bai zauna ya saurari Classic FM na mako guda ba. Haka kuma safiya ba lokacin zauren kiɗa ba ce. Mutum yana shirya yara, yana neman makullin mota, yana duba ko jirgin ƙasa ya makara. Simfoni mai minti arba'in da aka ji minti bakwai daga tsakiyarsa bai fi kashi ɗaya da aka ji daga farko har ƙarshe daraja ba.

Yanzu ga masu gabatarwa, inda aka fi zafafa magana.

Dan Walker ɗan jarida ne na talabijin. Ya gabatar da Football Focus na BBC daga 2009 zuwa 2021, ya yi shirin safe na BBC Breakfast daga 2016 zuwa 2022, sannan ya koma labaran Channel 5. Bai taso a harkar kiɗan kilasik ba, kuma bai ɓoye hakan ba. Masu sukar naɗinsa sun ce an zaɓi sananniyar fuska ne a kan ilimi, musamman da yake wanda ya gada, Tim Lihoreau, ya karanci kiɗa kuma ya fi shekara goma yana riƙe da shirin. Masu goyon bayansa sun ce ya iya zama da mutane da safe, muryarsa a sake take, yana da fara'a, kuma ba ya sa wanda bai san komai ba ya ji kunya. Duka biyun gaskiya ne. Abin da nake so a gane shi ne wannan tsohuwar hanyar Classic FM ce, ba sabon abu ba. Henry Kelly daga talabijin ya zo, Simon Bates daga Radio 1 ya zo, Alexander Armstrong da ke shirin hantsi shi ma fuskar talabijin ne. A tashar da kwamfuta da sashen kiɗa ke tsara jerin abin da za a kunna, aikin mai gabatarwa shi ne ya zame maka abokin hira, ya gaya maka lokaci, ya haɗa ka da labarai da yanayin hanya. Walker ya iya wannan aikin. Idan kana jiran ya gaya maka dalilin da ya sa wannan ɗaukar ta fi waccan, za ka daɗe kana jira, kuma ba don haka aka ɗauke shi ba.

Tom McKinney akasin haka ne. Makaɗin jita ne da ya yi karatun abin, ɗan Stoke-on-Trent, kuma an san shi da son kallon tsuntsaye. Daga Salford yake gabatar da shirin, kusa da Manchesta, ba daga Landan ba, wanda wani ɓangare ne na ƙoƙarin BBC na fitar da ayyukanta daga babban birnin. Ƙarfinsa shi ne idan ya yi magana a kan kiɗa, magana ce ta wanda ya san yadda yatsu ke wahala kafin sautin ya fito. Yakan nuna maka abin da za ka kasa kunne ka jira a cikin kiɗan, kuma jumla ɗaya irin wannan kafin a kunna abu tana iya sauya yadda za ka ji shi gaba ɗaya. Babbar matsalarsa ba tasa ba ce: ya gaji mutumin da aka yi kusan shekara 14 ana tashi da muryarsa. Petroc Trelawny, wanda ya tashi a Cornwall, yana da murya mai nauyi da natsuwa, ya san tarihin garuruwa da jiragen ƙasa da majami'u, kuma yakan fitar da shirin daga ɗakin watsa shirye-shirye ya bi gaɓar kogi ko bakin teku na mako guda yana gabatarwa daga gari zuwa gari. Shi ne kuma muryar da 'yan Birtaniya ke ji a bikin kiɗan sabuwar shekara na Biyana, babban birnin Austriya. Mutane sun shaƙu da shi, kuma wanda ya zo bayan irin wannan dole a auna shi da ma'aunin da ba nasa ba. Wasu sun ce McKinney ya fi sakin jiki da raha fiye da yadda suka saba, wasu sun ce ɗumin da shirin ke buƙata ke nan. Abin lura a nan, Trelawny ɗin da ake kuka da tafiyarsa yana cikin waɗanda suka buɗe Classic FM a 1992 kafin ya zo Radio 3 a 1998, kuma shirinsa ma ya sha suka a farkon shekarunsa. Sabo ne ke gyara murya a kunne. Sabon mai sauraro da bai san Trelawny ba ba shi da wannan nauyin, zai ji McKinney a yadda yake, kuma ina ganin zai ji daɗinsa.

Akwai wani bambanci na fasaha da ba a cika magana a kansa ba, alhali yana iya yanke maka hukunci shi kaɗai. Kiɗan kilasik yana sauka ƙasa ƙwarai har ya zama kamar raɗa, sannan ya tashi da ƙarfi lokaci guda. Classic FM tana matse sautinta sosai, ta ɗaga na ƙasa ta danne na sama, don komai ya fito kusan daidai. A mota a kan babbar hanya, ko a kicin ana soya ƙwai yara na hayaniya, wannan alheri ne, ba za ka yi ta murɗa ƙara ba. Radio 3 ta fi barin sautin a yadda makaɗa suka yi shi, musamman ta intanet. A ɗaki shiru ko da abin sa wa a kunne mai kyau, bambancin a bayyane yake, goge yana fitowa da numfashinsa. A cikin mota kuwa wuraren da kiɗan ya yi ƙasa sukan ɓace a ƙarar injin. Saboda haka ka tambayi kanka a ina kake tsakanin 6:30 da 9:00, kafin ka tambayi wa ke magana.

Talla kuma ba sai an tsawaita ba. Wani ba ya ko jin ta, ta zame masa kamar ƙarar fanka. Wani kuma idan aka fito daga kiɗa mai sanyi aka faɗa tallan inshora, safiyar ta lalace ke nan. Kai ka san wanne ne kai.

Akwai ta uku ga mai son ya duba, wato Magic Classical ta kamfanin Bauer, wadda aka buɗe da sunan Scala Radio a Maris 2019 aka sauya mata suna a 2024. Ba ta kan FM, sai ta rediyon dijital da intanet, kuma ta fi karkata ga kiɗan finafinai da sassauƙan abubuwa. Wanda Classic FM ta yi masa sauƙi da yawa ba zai sami abin da yake nema a can ba.

Idan ni za a tambaya, Radio 3 nake ba wa wanda yake son bayan shekara guda ya san abin da bai sani ba yau. Ko da ba ka san sunan mai tsara kiɗa ko ɗaya ba, kada tsohon sunan da tashar ta yi na cewa ta masana ce ya tsorata ka, domin shirin safen nan an yi shi ne daidai don irinka, kuma wannan ne ma ya sa tsofaffin ke fushi. Za ka ci karo da abin da ba ka so, wata safiyar ma biyu ko uku a jere, kuma wannan kuɗin shiga ne da ya kamata ka yarda ka biya. Classic FM nake ba wa mai doguwar tuƙi zuwa aiki, da gidan da ke cike da yara, da wanda ya tashi da nauyin zuciya yake son abin da ya tabbata ba zai tayar masa da hankali ba, da kuma wanda yake son ya fara kama sanannun kaɗe-kaɗe a ka kafin ya zurfafa. Wannan ba ƙaramar buƙata ba ce, kuma ba na son yadda wasu masoya Radio 3 ke raina ta. Mutane da yawa da ke cika zauren Royal Albert Hall na Landan a bikin kiɗan kilasik na Proms ta wannan ƙofar suka shigo.

Wanda yake wajen Birtaniya yana bi ta intanet, ya lura da agogo. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Birtaniya daidai yake da na Najeriya da Nijar, shirin zai same ka 6:30. Sauran watannin sai 7:30. Manhajar BBC Sounds an taƙaita ta ga mazauna Birtaniya tun Yulin 2025, don haka sai an bi ta shafin BBC a duba abin da aka bar wa na waje, ita kuwa Classic FM manhajarta Global Player ce.

Wanda kuma cikakken aiki yake so, daga sautin farko har na ƙarshe ba yanka, kada ya ɓata ransa da shirin safe na kowace tasha. Ya nemi Through the Night na Radio 3, wanda ke gudana cikin dare har zuwa 6:30 da ɗauke-ɗauken gidajen rediyon Turai da ɗan taƙaitaccen bayani, ko ya jira 7:30 na yamma lokacin da tashar ke kawo cikakken taron kiɗa daga zaure.